Yarinyar da Na Sa a Kalanda

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a firamare, kuma ban taɓa ɗaukar kaina mai saɓa alkawari ba. Masifa dai ina da ita, wannan duk Zuru an shaida. Mijina, wanda ya yi shekara bakwai yana noma a gonar ubana kafin a ba shi ni, kamar yadda al'adarmu take, yakan ce da ya san abin da yake noma wa kansa da tun damina ta farko ya jefar da garmar ya ranta a na kare. Amma idan na ce zan yi abu, to zan yi shi. Da wannan nake taƙama har na yi ritaya, kuma da wannan taƙamar na karɓi ajin ranar Asabar a cocinmu.

Lokacin 'yan bindiga sun fara tarwatsa ƙauyukan da ke kewaye da mu. Mutane suka yi ta kwararowa cikin gari daga wajen Dirin Daji da wasu wurare, tabarma a hammata, tukunya a ka, yaransu kuwa ba makaranta, sai yawo cikin rana. Cocinmu na mishan ne tun asali, ba mu saba ganin irin wannan mu naɗe hannu ba. Aka kafa rumfar kwano a bayan coci, aka jera benci, aka rataya allo. Duk Asabar mukan tara yara mu koya musu karatu da lissafi, mai gyambo a wanke masa, sannan kowa ya sha kofin kunun gyaɗa ya tafi. Littattafai da alli da garin kunu daga hedikwatarmu suke zuwa, can wani babban birni mai nisa. Fastonmu dattijo ne mai sanyin magana, Baba muke ce masa. Doka ɗaya ya kafa: ɗan kowa ya zo, kuma ɗan Musulmi ba a sa shi addu'a. Idan za mu buɗe da addu'a da waƙa, su sai su zauna a gindin mangwaro har mu gama, sannan a kira su.

Dokar tana da dalili. A Zuru za ka ga wa Kirista, ƙane Musulmi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kaina kawuna limami ne a unguwarsu. Amma a shekarun nan garin ya dare gida biyu, kowa ya san inda zai sayi nama da inda ba zai zauna shan inuwa ba. Fulani su suka fi jin jiki. Duk wanda aka kashe masa ɗan'uwa a gona, idan ya ga Bafulatani a kasuwa sai ya ga kamar shi ne, ko da kuwa tare suka yi ƙuruciya. Masu tallar nono da yawa suka daina shigowa unguwarmu.

Ɗaya ce ba ta daina ba. Ta fi shekara goma tana kawo mini nono daga rugarsu da ke bayan gari. Mun saba sosai, ina tsokanarta da cewa rabin nononta ruwan rijiya ne, ita kuma tana cewa rowata ta fi ta kowa a layin. Wata Asabar ba ta same ni a gida ba, sai ta biyo ni coci da ƙwaryarta a ka, da 'yarta a bayanta. Yarinyar za ta kai shekara goma, siririya, da kitso mai ado da 'yan kunne na tagulla. 'Yar fari ce, don haka uwar ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce “wagga”, wato wannan. Muna cinikinmu, yarinyar ta kafa wa allo ido, leɓenta yana motsi tana bin abin da yara suke maimaitawa.

Na ce wa uwar ta bar mini ita. Ta yi dariya ta ce ashe ina so a kore ta daga ruga. Amma Asabar ta gaba ma sai ga su, haka ma Asabar ɗin da ta biyo baya. Daga baya na ji cewa wata guda ta yi tana lallashin mijinta.

Ranar da mijin ya zo, bai shiga harabar coci ba. A bakin hanya ya tsaya da sandarsa, ya aika a kira ni. Bayan mun gaisa ya ce:

“Malama, uwatta ta dame ni. Ni ban ƙi karatu ba. Amma mu Musulmi na. Ba a sa yarinyag ga addu'arku, ba a sa ta waƙarku. In kin ɗauki wanga, ga ta nan.”

Na ce, “Na ɗauka. Ni da kaina zan tsare ta. Tambayi duk garin nan ka ji ko na taɓa magana biyu.”

Ya ce, “Ba sai na tambaya ba.” Ya juya ya tafi.

Ba kowa ne ya ji daɗin zuwanta ba. Wata mata a zumuntar matan cocinmu, wadda aka kashe wa ƙane a gona a daminar nan, ta ce ita ba za ta dama kunu 'yar Fulani ta sha ba. Na wanke ta tas a gaban mutane, na tambaye ta ko yarinya 'yar shekara goma ce ta riƙe bindigar. Ta fashe da kuka ta tafi gida. Gaskiya nake da ita, amma ba don gaskiyar kaɗai na ɗaga murya ba. Daɗi nake ji a ce ni ce wadda har Fulani suka yarda da ita, a lokacin da maƙwabci bai yarda da maƙwabci ba.

Yarinyar kuwa akwai ƙwaƙwalwa. Na koyar da yara da yawa a rayuwata, irinta ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da farko ko kunu ba ta sha a gaban mutane, sai ta zagaya bayan rumfa ta juya baya. Magana ma sai na sunkuya nake jin ta. Amma cikin wata biyar ta san baƙaƙe duka, ta fara haɗa su, tana karanta gajerun kalmomi da yatsa a ƙarƙashinsu. Ta gaya mini cewa a ruga da tsinke take rubutu a ƙasa, ƙannenta suna sharewa tana dukansu. Na riga na fara tunanin yadda zan shawo kan uban ya sa ta firamare sosai idan shekara ta juyo.

Ana haka sai baƙi suka zo daga hedikwata, su uku a farar mota: wata mata mai tabarau da ke kula da sashen yara, da direba, da wani saurayi mai ɗaukar hoto. Za a buga kalandar sabuwar shekara, suna zagayawa suna ɗaukar ayyukan coci-coci. Baba ba ya nan, ya tafi jana'iza Dabai, don haka ni ce babba a wurin. Sun iso da wuri, ba mu ma buɗe da addu'a ba, yaran Musulmi suna zaune a gindin mangwaronsu.

Matar ta duba yaran da ke rumfa, ta yaba, sannan ta tambaye ni da Turanci ko aikin namu yana kaiwa ga ɗaya ɓangaren, wato Musulmi, musamman Fulani. Ban bari ta rufe baki ba. Na ce akwai ɗaya, kuma ni na kawo ta. Ba wanda ya aike ni. Da ƙafata na taka zuwa gindin mangwaron, na kama hannun yarinyar, na kawo ta layin gaba na zaunar da ita a tsakiya. Har kitsonta na gyara mata don ya fito da kyau.

Mai hoton ya ɗauki biyu ko uku, bai gamsu ba. Ya ce yaran su haɗa hannuwa su rufe ido. Duk suka yi, don sun saba. Ita ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta kalle ni, ba ta kalli kowa ba sai ni. Na san abin da take tambaya, kuma na san amsar da ta kamata. Baƙin suna jira, matar tana murmushi. Na gyaɗa mata kai, na ce:

“Yi mana. Ba addu'a ba ce, hoto ne kawai.”

Ta haɗa hannuwanta ta rufe ido. Matar mai tabarau kuwa, ganin yara sun natsu, sai ta fara addu'a da ƙarfi, ta yi ta har ƙarshe, yara suka ce amin. Ban tsayar da ita ba. Ranar yarinyar ba ta sha kunu ba, ko a bayan rumfa.

Na gaya wa kaina cewa hotuna ɗari suka ɗauka a garuruwa, da wuya a zaɓi wannan. Na ce ko an zaɓa, can birane za a rataya shi, inda ba wanda ya san ta. Uwar ta zo ɗaukarta da rana, muka yi wasanmu na kullum, ban ce mata komai ba.

Saura mako biyu Kirsimeti kalandar ta iso, ɗauri guda. Ina buɗewa na gan ta. Hoton ne ya cika rabin takardar, an yanke sauran yaran sai kaɗan a gefe, ita ce a tsakiya, ido a rufe, 'yan kunnenta suna ƙyalli. A ƙasa an yi rubutu da Turanci, ma'anarsa wai har 'ya'yan ruga sun karɓi bishara. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko iyayen sun sani. Na ce, “Ba matsala, Baba.” Ya yarda, don ni ce na faɗa.

A nan ne laifina ya fi girma, ba a ranar hoton ba. Ranar hoto zan iya cewa abin ya zo mini ba shiri. Amma kalandar kwana uku ta yi a ɗaure a ofishin coci, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa Baba ya hana a raba ta. Kunyar in ce na yi kuskure ita ta rufe mini baki. Ranar Lahadi aka raba, kowa ya ɗauki tasa, ina zaune cikin mata ina kallo. Wasu har suka zo suna mini barka, ni kuma ina cewa mun gode Allah. Tawa na kai gida na tura ƙarƙashin katifa. Na sake lallashin kaina da cewa Fulani ba sa shiga ɗakunanmu, wa zai gani?

Ana jibi Kirsimeti uwar ta kawo mini man shanu a ƙaramar ƙwarya, kyauta, ta ce in yi wa maigida miya ko zai daina ramewa a hannuna. Maganar tana bakina. Na karɓi man na yi godiya.

Abin da na manta shi ne shaguna. Akwai wani ɗan cocinmu, Ibo, da ya daɗe a Zuru yana sayar da maganin dabbobi da kanwa kusa da kara, kasuwar shanu. Mutumin kirki ne, rabin masu sayayya a wurinsa Fulani ne, kuma duk shekara kalandar coci yake ratayawa a bayan kantarsa. Ranar kasuwa uban yarinyar ya shiga da yayyensa biyu. Mai shagon, da zuciya ɗaya, yana ganin abin alfahari ne, ya nuna bango ya ce, “Alhaji, ba yarinya naka ba ne wannan?” Shi da kansa ya ba ni labari daga baya, yana ta ba ni haƙuri, wai bai san ya yi ɓarna ba. Ya ce wani ma a shagon ya karanta musu rubutun ƙasan ya fassara.

Da la'asar aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Uban yarinyar ne. Mijina ya fito masa da kujera, bai zauna ba. Na kawo ruwa, bai karɓa ba. Ya warware kalandar da ya zo da ita a hankali ya riƙe ta da hannu biyu. Da zagina ya yi da na ji sauƙi, don faɗa na iya. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

“Malama, wa ya ce ta rufe ido?”

Na ce mai hoto ne. Na ce baƙi ne, ba su san dokarmu ba, abin ya faru da sauri. Ina magana ina jin yadda nake ƙara ƙarya a kan ƙarya.

Ya bari na gama, sannan ya ce, “Na tambaye ta. Ta ce mai hoto ya faɗi, ba ta yi ba. Ta ce ke tad duba.”

Mijina ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Ban buge ta ba, ba ta da laihi. Babba anka ce ta bi, ta bi babba. Amma yanzu 'yan'uwana cewa su kai na saida ɗiyata don kunu. Uwatta ko hita ba ta iyawa cikin mata.”

Ban taɓa jin ya ce “ɗiyata” ba sai ranar. Ya naɗe kalandar, ya yi wa mijina sallama, ya tafi.

Asabar ɗin nan ba ta zo ba. Labari ya zagaya, kuma kafin wata ya ƙare gindin mangwaron ya zama ba kowa, don sauran iyaye Musulmi ma sun janye 'ya'yansu. Kawuna limami ya aiko mini da saƙo cewa shi ne ya riƙa ce wa mutanen unguwarsu su saki jiki, 'yarsa ce ke riƙe da ajin, yanzu da wane ido zai kalle su? Matar da na wanke a gaban mutane ba ta ce mini uffan ba. Ta ci gaba da dama kununta, kuma shirun nata ya fi mini zafi.

Na gaya wa Baba gaskiya duka. Bai yi mini faɗa ba, sai ya hau babur ɗinsa ya bi shago-shago da gida-gida yana karɓo kalandar. Waɗanda suka tafi wasu garuruwa kuwa sun tafi ke nan. Ya rubuta wa hedikwata takarda mai zafi, irin wadda ban san ya iya ba. Sannan ya ce in shirya mu je ruga in ba da haƙuri da bakina. Na ce hanya ba lafiya, na ce gwiwata tana ciwo. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su suka hana ni ba. Idon uwar ne ba zan iya kallo ba.

Shi kaɗai ya tafi. Da ya dawo ya ce sun karɓe shi da mutunci, sun ba shi nono ya sha, amma maganar karatu ta ƙare. Ya kuma ce uwar ta biyo shi har inda ya ajiye babur ta tambaye shi, “Malama ba ta zo ba?” Na ce zan je mako mai zuwa. Haka na yi ta cewa har damina ta faɗi, aka ce sun tashi sun koma wajen Mahuta.

Ajin yana nan har yau, kuma da sannu wasu 'ya'yan Musulmi sun dawo. Ni na sauka a shekarar, na ce tsufa ne.

Bara na je asibiti karɓar maganin hawan jini. Ina zaune a benci ina jiran layi, sai na ji an ce, “Malama, ina wuni.” Budurwa ce doguwa, ta durƙusa a gabana. Sai da ta ɗago kai na gane ta. Na tambayi mutanen gida. Ta ce Inna ce ba lafiya, kwanansu huɗu a nan, yau aka sallame su, tana can kwance a inuwa ana neman mota.

Shekara shida ina shirya abin da zan faɗa idan na gan su. Na buɗe baki na ce, “'Yata, abin da na yi miki…”

Ta ce, “Ba komi, Malama, ya wuce,” da sauri, kamar mai kunyar a ce babba yana ba ta haƙuri. Hankalinta ba a nan yake ba. Ta kwance leda ta fito da ƙullin magani uku da wata takarda. Ta ce mai ba da magani ya yi mata bayani amma da sauri ya yi, mutane sun yi yawa, ta ji nauyin ta sake tambaya. Ta miƙo mini takardar da hannu biyu.

“Don Allah ki karanta min. Ina gane baƙaƙen, haɗawa ta ɓace min.”

Na sa tabarau. Na karanta mata: wannan da safe kafin a ci abinci, wannan sau biyu, wannan da dare kawai. Ta ce in sake, na sake. Ta ɗaure na safe a bakin mayafinta na dama, na dare a na hagu, na ukun ta riƙe a hannu, tana maimaita abin da na faɗa a hankali don kada ta manta kafin su kai gida.